Ga Ɗana da Ya Dawo Daga Daji

 Na zaɓi in rubuto maka ne don na san halinka. In na zaunar da kai za ka sunkuyar da kai ka ce "ba komai, Baffa", mu tashi ba a taɓo maganar ba. Takarda kuwa kana iya ajiye ta, ka koma mata lokacin da babu kowa kusa.

Tun da Allah ya kuɓutar da kai daga hannun masu garkuwa da mutane kowa ke cewa ka rame, a ba ka abinci mai kyau. Ni ramar ba ta dame ni ba, jiki yana mayarwa. Abin da nake kallo daban ne. Ka daina bin hanyar da aka tare ku, ko da zagayen zai cinye maka rabin yini. Babur ya wuce da ƙara sai ka zabura, gumi ya keto maka. A masallaci kana neman wurin da za ka riƙa ganin ƙofa. Yaranka da a da suke hawa wuyanka yanzu raɓewa suke yi, domin abu kaɗan ke sa ka daka musu tsawa, sannan ka shige ɗaki kana jin haushin kanka. Yadda darenka ke ƙarewa kuwa ka fi kowa sani. Na yi aikin jinya har na ajiye, na ga irin wannan a jikin sojoji, na gan shi a jikin waɗanda suka fita da rai daga haɗarin mota, da matan da suka sha baƙar wuya wajen haihuwa. Ciwo ne. Likitoci na kiransa PTSD, ciwon firgicin da ke zama a jikin mutum bayan tashin hankalin ya wuce. Kuma yana da magani.

Allah ya gina jikin ɗan Adam da shirin kuɓuta. Da ya ga mutuwa a gabansa zuciya za ta ƙara gudu, kunne ya buɗe, barci ya ƙaurace, duk don ya tsere ko ya kare kansa. Wannan shirin ne ya riƙe ka a daji. Ga mafi yawan mutane, in haɗarin ya wuce jiki kan sauka a hankali cikin kwanaki ko 'yan makonni. Ga wasu kuwa ba ya sauka. Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye abin a inda take ajiye abin da ya riga ya wuce ba, shi ya sa warin hayaƙi ko wata murya a kasuwa kan mayar da kai can ɗungurungum, har ka ji igiyar a hannunka. Daga nan sai mutum ya shiga gudun duk abin da zai tuna masa: hanya, taron jama'a, labaran rediyo, har tunanin kansa. Gudun yana kawo sauƙin yini guda, amma shi ke ciyar da ciwon, domin ƙwaƙwalwa ba ta samun damar gane cewa yau babu bindiga a kanka. Idan wannan hali ya haura wata ɗaya yana hana mutum aiki da zaman iyali, lokacin neman magani ya yi. Kai ka daɗe da wuce nan.

Na san abin da ke riƙe ka. Kana tsoron a ce ka taɓu, kana kuma tsoron a ce imaninka ne ya yi rauni. Duka biyun ba haka ba ne. Tun Yaƙin Duniya na Farko likitocin Turai suke ganin sojoji na dawowa daga fagen fama ba rauni a jikinsu amma suna karkarwa, wasu aka yi musu kallon matsorata, aka zalunce su. Sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sanya ciwon a kundinsu da sunansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 70 cikin 100 na mutane za su gamu da wani mummunan tashin hankali a rayuwarsu, kuma wajen mutum 6 cikin kowane 100 daga cikinsu ne ciwon ke kamawa. A inda ake rikici lissafin ya fi haka muni: a 2019 hukumar ta ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 5 a irin waɗannan wurare yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. To ka dubi Borno da Yobe tun 2009, ka dubi Zamfara da Katsina da Sakkwato da Birnin Gwari, ka dubi waɗanda suka tsallaka Diffa da Maraɗi. Masu kwana a zaune irinka suna da yawa, shiru ne kawai ya rufe su.

Batun imani kuwa, ka tuna Annabi Yaƙub, Alaihissalam, da baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai shi har ganinsa ya tafi, kuma babu wanda ya isa ya ce haƙurinsa ya gaza. Malaman Musulunci ma ba su ɗauki ciwon zuciya abin kunya ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 934 miladiyya, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, ya yi bayanin tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan da ake jinya. Ka riƙe addu'arka da azkar ɗinka, kada ka saki, ni ma ina yi maka. Amma haƙurin da ake ta ce maka ka yi, ma'anarsa kada ka yi wa Ubangijinka butulci, bai hana ka neman magani ba. Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka yarda wani ya kai ka inda ake ɗaure mutum ko a dake shi da sunan fitar da iska. Ka tuna gidajen da 'yan sanda suka fasa a Kaduna da Katsina a 2019, aka fito da mutane ɗaruruwa, da yawa da mari a ƙafa. Wanda aka ɗaure a daji, in aka sake ɗaure shi a gari, ƙara masa ciwon aka yi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da a ce asibiti zan ce ka riƙa zuwa duk mako, na san ba za ka je ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai ga mutum sama da miliyan 200, yawancinsu a manyan birane. A nan Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato, da Dawanau a Kano, sai sassan da ke asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Shika. Kowanne da nisansa da layinsa. Ga shi hanyar da za ka bi ita ce abin da kake tsoro, ga zullumin wani ya hango ka a bakin ƙofar ya kai labari unguwa. Amma yau ana iya ganin ƙwararre ta waya, ko da kiran bidiyo ko da murya kaɗai, kana zaune inda hankalinka ya kwanta.

Kada ka ɗauka wannan maganin wucin gadi ne da ake ba talaka don ya rasa na gaske. An gwada shi. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin Amurka ta yi bincike a Hawaii da Karolina ta Kudu, aka raba masu ciwon gida biyu, wasu suna zuwa gaban likita, wasu suna ganinsa ta bidiyo, aka tarar sauƙin da suka samu bai bambanta ba. Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Iraƙi. Wata cibiyar kula da waɗanda aka azabtar da ke Balin ta Jamus ta shirya magani ta intanet cikin Larabci ga mutanen da yaƙi ya rutsa da su, a lokacin da bama-bamai ba su daina tashi a garuruwansu ba. Majinyaci zai yi rubutu sau biyu a mako har mako biyar, ƙwararre ya karanta ya mayar masa da amsa. Da aka fitar da sakamakon a 2015, waɗanda aka yi wa maganin sun samu sauƙi sosai a kan waɗanda ke jiran layi, duk da cewa da dama sun bari a hanya. Ka lura da wannan, domin na san za ka ce yaya mutum zai warke alhali har gobe ana tare hanya. Su ma ba a daina ba, kuma sun samu sauƙi.

Sai dai abin da ya yi aiki a waɗannan wurare magani ne mai tsari, ba hira ba. In ka samu wanda duk mako zai tambaye ka yaya jiki, ya ce ka daure, ku yi sallama, to kuɗin datarka kawai kake ƙonawa. Maganin da aka tabbatar da amfaninsa yana fuskantar abin da ya faru ne kai tsaye, yawanci zama 8 zuwa 12, wani lokaci fiye, kowane zama awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Da farko za a ji tarihinka, a koya maka yadda za ka saukar da numfashinka in gaba ya faɗi. Bayan nan, a wani salon, za ka ba da labarin daki-daki, ka sake, ka kuma sakewa, har ya daina girgiza ka kamar da. Za ku jera abubuwan da kake gudu, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ka riƙa tunkararsu ɗaya bayan ɗaya: yau ka zauna a bakin titi inda babura ke wucewa, wani makon ka shiga tasha, wata rana ka hau mota. Akwai kuma salon da ake sa mutum ya riƙa bin wani abu da ido dama da hagu yana tuna abin, ana ce masa EMDR, shi ma an yarda da shi.

Ba zan ɓoye maka ba, makonnin farko suna da zafi, wani ma mafarkin kan ƙaru kafin ya ragu. Mikin da ya rufe da ruwa a ciki sai an buɗe an wanke, kuma ban taɓa wanke wa wani ya yi min godiya a ranar ba. A nan ne mutane ke gudu, ta waya kuwa gudun ya fi sauƙi, ƙin ɗagawa kawai za ka yi. In ka ji haka, ka faɗa wa mai duba ka ya rage saurin tafiyar, amma kada ka ɓace masa.

Za ka ce ai ka ba da labarin nan har ka gaji, 'yan jaje sun sha tambayarka. Wannan daban ne. Su 'yan jaje abin da zai ba su mamaki suke nema, kai kuma ka ba su wanda za su iya ɗauka, ka haɗiye sauran. Sauran nan da ka haɗiye shi ne ciwon. Ba a wajabta maka ba kowa labari ba, kana da damar ka ce Allah ya riga ya kiyaye, ka yi shiru. Ƙwararrun ma sun daina matsa wa mutum ya amayar da komai a kwanakin farko, don an gano hakan ba ya hana ciwon.

Akwai salon da na fi so ka tambaya a kansa, wanda ke bin maganganun da mutum ke faɗa wa kansa. Na ji ka, ba sau ɗaya ba, kana cewa da ba ka fita da yamma ba da hakan bai faru ba. Na san kana ɗauke da nauyin gonar da aka sayar aka haɗa kuɗin fansa, kana kallon 'yan'uwanka kamar ka cinye musu gado. Na san kuma akwai wanda kuka kwana tare a can bai dawo ba, kana tambayar kanka me ya sa kai. Waɗannan ne suke cin mutum fiye da tuna duka. Mai duba ka ba zai ce maka ka manta ba. Zai zauna da kai ku ɗauki maganar ɗaya ɗaya ku auna: me ka sani a ranar da ka fita, me ba ka sani ba sai daga baya, wa ya riƙe bindiga, da ƙaninka aka kama kai za ka sayar da gonar ko ba za ka sayar ba, kuma za ka riƙe shi da bashi? Ni da aka yi shawarar sayarwar da ni ina gaya maka babu wanda ya yi jayayya a ɗakin nan. Amma na san faɗata ba za ta shiga ba sai ka auna da kanka, shi ya sa nake so ka samu wanda ya iya wannan aikin.

Batun ƙwaya. Likitan ƙwaƙwalwa ne ke rubuta ta, shi masanin halayyar ɗan Adam da magana yake aiki, sau da yawa kuma ana haɗa su biyun. Magunguna irin su sertraline da paroxetine da fluoxetine suna taimakawa, musamman in ciwon damuwa ya haɗu da firgicin. Ba sa aiki a kwana biyu, sai an yi makonni, ana kuma shan su watanni, ba a yanke su rana ɗaya ba da sanin likita ba. Wanda nake jiye maka shi ne na kemis. Wani zai ce ka sha diazepam, wato Valium, ka samu barci. Za ka samu na 'yan kwanaki, daga nan jiki ya saba ya nemi ƙari, ciwon kuma yana nan inda yake. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja kunne a kan ba wa wanda ya fito daga tashin hankali irin waɗannan ƙwayoyi. Tiramol da kodin kuwa ka ga abin da suka yi wa samarin garin nan, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Da yawa daga cikinsu ba iskanci ya kai su ba, barci suka je nema.

Saboda haka ka san wanda ke ɗaya gefen wayar. Intanet cike take da masu kiran kansu dakta. Ka tambayi cikakken sunansa da asibitin da yake aiki, in likita ne ka nemi lambar rajistarsa ta hukumar likitoci ta ƙasa, wato MDCN. Ka tambaye shi kai tsaye ko an horar da shi a kan maganin wannan ciwo, wane salo yake bi, zama nawa yake hange, nawa ne kuɗin. Na gaske ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya yi maka alƙawarin warkewa a mako ɗaya, ko ya turo maka sunan ƙwaya ta WhatsApp bai ji tarihinka ba, ko ya ce sai ka sayi wani haɗi a hannunsa, ka rufe wayarka. Hanya mafi aminci ita ce ka fara daga asibitin da aka sani, ka je da ƙafarka sau ɗaya a auna jininka, a duba kan da aka buga maka da gindin bindiga, a tabbatar ba wani ciwon ne ke ɓuya a ƙarƙashi ba, sannan ka tambaye su wa zai ci gaba da ganinka ta waya. Manhajojin da kwamfuta ce ke amsa maka suna iya koya maka numfashi, amma ba su san ka ba, ba za su kuma kira kowa ba in dare ya yi maka tsanani.

Ka nace a yi da Hausa. Turancinka na ofis ne, abin da ya faru a daji kuwa da Hausa ya faru, da ita zai fito. Kada kuma ka yarda ɗan'uwa ya zama tafinta, za ka ɓoye rabi don kunyarsa.

Sirri ma sai ka tashi tsaye a kansa. Gidajenmu ba a gina su don mutum ya keɓe ba, labule ne tsakaninka da tsakar gida. Ka nemi shago bayan an rufe, ko cikin mota, ko ka zo ɗakina na zaure in ba ka makulli. Ka sa abin ji a kunne, ka sa wa wayarka lambar sirri, ka goge abin da ba ka so yara su gani. Ka tambayi mai duba ka ina yake ajiye bayananka, wa ke iya gani, ko yana naɗar murya. Ba tsoro nake ba ka ba: a 2023 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sa kamfanin BetterHelp, ɗaya daga cikin manyan masu wannan sana'a, biyan dala miliyan 7.8 saboda ya miƙa bayanan masu neman magani ga Facebook da wasu don talla. A nan gida kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin majinyaci, don haka ba alfarma kake roƙo ba.

Ku kuma yi shiri don ranar da sabis zai ɗauke. Bidiyo kan yanke daidai lokacin da mutum ya kai tsakiyar abin da ya fi masa ciwo, ya bar shi shi kaɗai da bugun zuciya. Ku yi yarjejeniya tun farko cewa in haka ta faru zai kira ka ta layi, kai kuma ka caja waya ka tanadi kati kafin lokaci. Mun ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara gaba ɗaya a Satumban 2021, da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka yi makonni ba kira. Ka sa ya rubuta maka abin da za ka ci gaba da yi da kanka in kun rabu, da asibiti mafi kusa da za ka nufa.

Akwai inda waya ba ta isa, ka saurare ni da kyau a nan. In ka fara jin cewa gara ma ka mutu, ko ka ji kana son ka cutar da kanka ko wani, ko ka kwana biyu uku ido bai rufu ba, ko kana jin muryoyin da babu masu su, wannan ba na jiran zaman mako ba ne. A daren nan ka tashi wanda ke kusa da kai, ka kira ni ko ƙarfe nawa ne, a kai ka asibiti. Irin wannan tunanin yana zuwa wa masu ciwon, ba kai ka ƙirƙiro shi ba, yana kuma wucewa in an tare shi. Shi ya sa mai duba ka zai nemi lambar wani naka tun zaman farko. Ka ba shi tawa.

Kada ka ware matarka daga wannan. Ita ma ta yi kwanakin da wayarta ke ƙara tana jin muryar masu neman kuɗi, ita ta riƙe yara tana ce musu ka yi tafiya. Ciwon nan yana kama wanda aka yi wa nasa, ba sai wanda aka kama ba, kuma ya fi yawa a mata. In tana buƙata a samo mata mace ƙwararriya, ka bar mata wayar da ɗakin, kada ka tambaye ta me suka ce. Ba sai ka ba ta labarin daji ba, amma ka gaya mata abin da ke tayar maka da hankali da abin da kake so ta yi in ka farka a firgice. Tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya gane haka a Aro ta Abeokuta, inda ya riƙa saukar da majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da danginsu maimakon a kulle su, domin ya ga mutum ya fi saurin dawowa cikin nasa. Maganin waya ya ba ka wannan a sauƙaƙe: kana gama zama za ka fito ka tarar da tuwon gidanku da hayaniyar yaranka.

Ban ce za ka manta ba, ba wanda ke mantawa. Abin da na gani a waɗanda suka kai ƙarshen maganin shi ne suna tunawa in sun so, su ajiye in sun so, suna barci, suna hawa mota. In ka yanke shawara ka aiko min. Zuwan farko tare za mu yi, da safe za mu fita in rana ta ɗaga, ni zan zauna kusa da taga. Kuɗin mota da na kati suna wuyana, kuma babu wanda zai ji daga bakina.